WA ZAI WANKE RAUNIN ƊAURARRE?



Wata Lahadi, bayan an tashi daga Misa a nan Jibiya, muka tarar da wata dattijuwa zaune a gindin bangon majami'a. Ba Kirista ba ce, ba kuma 'yar ƙasar nan ba ce. Daga wani ƙauye ta fito can bayan Ɗan Isa, ta ƙetaro iyaka ta Magama da 'yan kuɗin akuyar da ta sayar, domin wani ya ce mata Fada yakan shiga gidan yari. An kama ɗanta da jarkokin fetur a kan babur, wata bakwai ke nan yana jiran shari'a, labari kuma ya iske ta cewa tari ya kama shi. Muka bi sawu har muka same shi. Yaro ne da bai kai shekara ashirin da biyar ba, amma ana iya ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Ya ce ya daɗe yana faɗa, abin da ake ba shi ƙwayar ciwon kai ce. Kafin a sa hannu a takardar fita da shi, a sami mota, a sami man da za a zuba mata, a sami jami'in rakiya, kwana tara suka shige. Ya rasu a asibiti a kwana na uku. Ba za mu faɗi sunan wurin da aka tsare shi ba. Abin da za mu faɗa shi ne, laifin da ake tuhumarsa da shi, ko da an tabbatar, ba na kisa ba ne, ba kuma alƙalin da ya taɓa cewa ya aikata.

Uwar ta ce haka Allah ya ƙaddara, ta koma gida. Amma a taron majalisar Ikilisiya wani saurayi ya miƙe ya ce ya kamata a kai ƙara, wani dattijo kuma ya amsa masa cewa shari'a ba halin Kirista ba ne, gafara aka koya mana. Daga nan gardama ta tashi, har yau ba ta kwanta ba. Saboda wannan ne muka ga ya dace mu rubuto muku a wannan lokaci na Azumi.

Ku tuna abin da ya faru a Filibi, cikin sura ta 16 ta Ayyukan Manzanni. An yi wa Bulus da Sila dūkan tsiya da sanduna a bainar jama'a, aka jefa su can ƙuryar kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu, ba wanda ya dubi bayansu. Da tsakar dare ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, mai gadin kurkukun ya zare takobi zai kashe kansa, Bulus ya hana shi. To, mene ne aikin farko da mutumin nan ya yi bayan da ya ji Maganar Allah? Tun kafin a zuba masa ruwan baftisma, shi ne ya fara ɗebo ruwa ya wanke musu raunukansu, a cikin daren nan, bai jira wayewar gari ba. Raunukan nan kuwa suna jikinsu tun da rana, yana ganinsu, mabuɗi yana hannunsa. Sai da zuciyarsa ta juya ya gane cewa jikin da aka ba shi ya tsare amana ne.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba, kuma sauran ne ya shafi gardamarmu. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallame su a ɓoye. Bulus ya ƙi fita. Ya tuna musu cewa su 'yan ƙasar Roma ne, an dūke su ba tare da shari'a ba, saboda haka sai mahukuntan sun zo da ƙafarsu sun fitar da su. Suka zo kuwa, suka ba da haƙuri. Manzon da ya tsawata wa Korantiyawa don suna jan juna gaban alƙali a kan abin duniya, shi ne wannan da ya tsaya a kan haƙƙinsa a gaban hukuma. Ba ramuwa yake nema ba, ai ya riga ya ci abinci a gidan mai gadin. Abin da ya hana shi fita shiru shi ne na bayansa, domin idan zalunci ya wuce ba a ce uffan ba, gobe ƙanƙanen cikin 'yan'uwa za a yi wa, wanda ba shi da takardar Roma.

Kada mu ɗauka cewa wannan cuta ta matalautan ƙasashe ce kaɗai. A Amurka, wani fursuna a Jihar Tekzas da dilar auduga ta faɗo masa a wurin aiki ya rubuta ƙara da hannunsa, maganar ta kai har Kotun Ƙoli. A shekarar 1976 kotun ta yanke cewa yin ko-oho da gangan ga babbar rashin lafiyar ɗaurarre azaba ce da tsarin mulkinsu ya haramta. (Shi kansa mai ƙarar bai yi nasara a kan likitan ba, amma dubbai sun shiga ta ƙofar da ya buɗe.) A 1988 kotun ta ƙara da cewa, don gwamnati ta ba likita mai zaman kansa kwangilar duba fursunoni, nauyin bai sauka daga wuyanta ba. Duk da haka jihohi da ƙananan hukumomi da yawa suka miƙa aikin ga kamfanoni, sau da yawa a kan ƙayyadadden kuɗi. Ku dubi abin da wannan ke haifarwa: duk majinyacin da ba a kai asibiti ba, duk maganin da ba a saya ba, ragowar kuɗin riba ce. A 2020 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bi diddigin mutuwar mutane 7,571 a gidajen tsare mutane fiye da 500, daga 2008 zuwa 2019. Wajen kashi biyu cikin uku sun mutu ne ba a same su da laifin da aka tsare su a kai ba, kuma inda manyan kamfanonin nan ke kula da lafiya, yawan mace-mace ya ɗara na inda ma'aikatan gwamnati ke yi da kashi 18 zuwa 58 cikin ɗari.

Iyalai suka yi ta kai ƙara. Da ƙararraki suka yi wa kamfanin Corizon yawa, sai ya rabu gida biyu a 2022: ɗaya ya tafi da kwangiloli, ɗaya aka ɗora masa basussuka da shari'o'i, wannan na biyun kuma ya je kotu a watan Fabrairu 2023 ya ce ya karye. Wellpath, wanda yake cikin mafiya girma, shi ma ya shigar da takardar karayar arziki a watan Nuwamba 2024. Uwar da ta yi shekaru tana bin jinin ɗanta sai ta tarar da kanta a layin masu bin bashi.

Mu a nan, ma'aikatan hukumar gidajen gyaran hali ne ke duba marasa lafiya, abinci ne aka fi bai wa 'yan kwangila. Amma tun da ana ta cewa a miƙa wa 'yan kasuwa duk abin da ya gagari gwamnati, gara mu san abin da ya sami waɗanda suka riga mu. A watan Disamba 2023 shugaban hukumar ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa Naira 750 ake ware wa cin fursuna a yini, kare mai gadi kuwa Naira 800. Daga baya an ƙara na fursuna zuwa Naira 1,125. Ku da kuke zuwa kasuwa kun san abin da wannan zai saya. A 2024 mutane sama da 80,000 ne ke tsare a ƙasar nan, kimanin kashi biyu cikin uku masu jiran shari'a. Inda aka cusa mutane a ɗakin da iska ba ta ratsawa, ga gabza ba ta ƙosarwa, tarin fuka da ƙazuwa ba sa bukatar gayyata. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuwa, in ba ɗan'uwa a waje da zai sayo magani, sai abin da Allah ya yi. Mutanen Katsina ba sa bukatar a tuna musu cewa Tafidan Katsina, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya taɓa zama na biyu a mulkin ƙasar nan, yana tsare a kurkukun Abakaliki ya rasu ranar 8 ga Disamba 1997. Wata uku bayan haka Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Nijeriya, aka miƙa wa gwamnatin soja sunayen ɗaurarru wajen 60 da yake roƙon a saki. In mai suna irin wannan bai tsira ba, ina ga ɗan ƙauyen da ba wanda ya san inda yake?

Doka kuwa ba ta yi shiru ba, mu ne ba mu san ta ba. Wasu masu jiran shari'a su huɗu, masu ɗauke da cutar ƙanjamau, suka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal. A 2004 kotun ta ce barin su ba magani azabtarwa ce, ya kuma saɓa wa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, ta ba da umarni a mayar da su asibitin gwamnati. Ƙa'idodin kare haƙƙin ɗan adam a kotu na 2009 sun yarda wani mutum ko wata ƙungiya ta shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, ba sai shi da kansa ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ba wanda aka tsare damar neman likitan da ya zaɓa ya duba shi. Dokar 2019, wadda ta canza sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, ta ba shugaban gidan ikon ƙin karɓar sababbin mutane idan wurin ya cika. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, cikin ƙa'idodin da ta amince da su a 2015 ta sa musu sunan Nelson Mandela, wanda shi kansa ya kamu da tarin fuka a kurkuku a 1988, ta ce lafiyar fursuna nauyin gwamnati ne, kyauta, daidai da ta mutanen gari.

Saboda haka ga amsarmu ga dattijon da saurayin. Baba, gafara wajibi ce, amma gafarta wa mutum daban, rufe gaskiya daban; bazawarar nan ta misalin Ubangiji da ta hana mugun alƙali sakat har ya bi mata haƙƙinta, ba a kira ta marar haƙuri ba. Kai kuma ɗanmu, ka sani ƙarar da aka shigar bayan an binne mutum ihu ne bayan hari. Tana da amfani ga na baya, amma ba ta ta da matacce. Kuma mun ga yadda ta kasance a ƙasar da lauyoyi suka fi yawa. Ƙarar Fatakwal ta yi albarka ne domin an shigar da ita masu ita suna da rai. Abin da ya kashe yaron nan ba rashin doka ba ne. Wata bakwai ba wanda ya leƙa shi, ba wanda ya rubuta ranar da ya fara tari, ba wanda ya je ya tsaya a ƙofar ofis ya ce ba zai tafi ba sai an sa hannu. Mu ma a makare muka iso, kuma da muka iso mun ɓata kwanaki muna lallashi inda ya kamata mu kira lauya. Wannan laifinmu ne, mun kai shi gaban Allah.

Ba mu rubuta wannan don a tsani gandurobobi ba. Wasunsu a benci ɗaya kuke zama da su ran Lahadi, mun kuma san wanda ya sha zuba mai a mota daga albashinsa don a kai fursuna asibiti. Ku 'yan'uwa masu wannan aiki, ɗan'uwanku ne mutumin Filibi. Idan kun ga mai tari da jini, ku rubuta a littafi, ku sanar da na sama, ku sake sanarwa, ku kuma aiko mana. Takardar da kuka rubuta yau ita za ta tsaya muku gobe, a kotu da kuma gaban Wanda ya ce abin da aka yi wa ɗaurarre shi aka yi wa.

Garin iyaka kamar namu yana da nasa nauyi na musamman. Tun da aka rufe iyaka a watan Agusta 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, samari da yawa na ɓangarorin biyu suka koma bin hanyoyin daji da shinkafa da fetur don neman abin kai wa baka. Ba mu ce fasa-ƙwauri halal ne ba. Amma wanda aka kama a nan alhali danginsa suna Maraɗi ko Madarunfa, shi ne maraya a cikin marayu: ba mai kawo masa abinci, ba mai tsaya masa beli. Yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, akwai kuwa ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a Kano, sai dai yawancinsu ba su taɓa jin haka ba. Harshe ɗaya muke yi da su, kasuwa ɗaya muke ci. Yawancinsu Musulmi ne, kuma za mu nemi limaman garin mu yi aikin nan tare.

Mun roƙi ƙungiyar St. Vincent de Paul, wadda waliyyin da take ɗauke da sunansa aka naɗa shi limamin fursunonin jiragen ruwan Faransa a 1619, ta haɗa kai da Zumuntar Mata Katolika da Rundunar Maryamu, a fitar da mutum biyu-biyu masu ziyara kowane mako, tare da ma'aikacin jinya ɗaya daga cikinmu. Za su riƙe littafi: sunan marar lafiya, garinsu, ranar da ya fara ciwo, wanda aka gaya wa, da abin da aka yi. Duk wanda ya kwana uku a littafin ba a duba shi ba, za a miƙa maganarsa ga Kwamitin Adalci da Zaman Lafiya na Dayosis, su kuma su nemi lauya ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Baikon Lahadi ta huɗu ta Azumi za a keɓe shi don magani da kuɗin mota zuwa asibiti. Masu sabulu, tabarma, bargo ko tsofaffin tufafi masu tsabta su kai wa Katikis kafin ranar. Wanda kuma ya san wata uwa a ƙetaren iyaka da ke cigiyar ɗanta, ya kawo mana sunan yaron da na garinsu.