Mutum Ɗaya Cikin Miliyan 140

A watan Maris na 2006 aka ƙidaya mutanen Nijeriya. Da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke Abuja ta gama tace sakamako, sai ta tsaya a kan 140,431,790. Tun daga lokacin ba a sake yin wata ƙidayar ba, domin wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi.

Bari mu fara duban wannan adadi da idon masanin lissafi. Da yake ya ƙare da sifiri, yana rabuwa gida biyu, da gida biyar, da gida goma, ba tare da saura ba. Amma ba ya rabuwa gida uku, domin in an tara alƙalumansa 29 za a samu, ita kuwa 29 uku ba ta raba ta. To, a ce akwai jariri guda a wata ruga da malamin ƙidaya bai kai gare ta ba. Da an sa shi, da adadin ya zama 140,431,791. Nan take duk siffofinsa za su juye: biyu da biyar da goma su kasa raba shi, uku kuwa ta raba shi daidai. Ashe a wurin lissafi babu wani ɗaya da yake ƙarami.

A bakinmu fa? Mu "miliyan 140" muke cewa, mu wuce. Da wannan taƙaitawa mun zubar da mutum 431,790, wato kusan sulusin mutanen da aka ƙidaya a Babban Birnin Tarayya a shekarar. Ba laifi ba ne a taƙaita magana. Laifin shi ne harshe ya saba da zubar da saura, har zuciya ta bi sahu, ta ɗauka cewa wanda ya faɗa cikin saura ba ya bukatar rijiya ko aji ko gadon asibiti.

Tarihinmu ya nuna haɗarin. Ƙidayar 1973 gwamnatin Murtala Muhammed ta soke ta a 1975 saboda gardama. A ta 2006 ma Legas ta ƙi yarda cewa Kano ta fi ta yawa. Kowa na son yawa, domin da yawa ake rabon kujeru da kuɗin ƙasa. Sai dai wanda ya ƙara sunan da babu mai shi, da wanda ya manta da mai rai, zunubinsu ɗaya ne: duka sun mayar da mutum abin ciniki.

Iyayenmu mata kan ƙi faɗin yawan 'ya'yansu, mu kuwa mukan kira abin camfi. Amma uwar da ba ta ƙirgawa, in ɗa guda bai shigo gida da magariba ba, ba ta runtsawa. Hukuma dole ta ƙirga, domin ba a tsara ƙasa da ka. Abin tambaya shi ne, bayan ta ƙirga, in ɗaya ya ɓace, za ta iya barci?