Raini Ba Ya Buɗe Littafi

Duk shekara, idan yara suka gama aji uku na ƙaramar sakandare, akan raba su. Waɗanda lissafi ya karɓa a tura su ajin kimiyya, sauran a ce su je su yi adabi da tarihi, ko kasuwanci. Rabon ba laifi ba ne, kowa da inda Allah ya ba shi. Abin da ke biyo baya shi ne abin dubawa. Yaro ɗan shekara 15 yakan ji a bakin manya cewa shi zaɓaɓɓe ne, abokinsa kuwa ragowa. Daga ranar sai ya fara yi wa littafin Hausa da ke jakar abokin nan kallon kayan wasa. In ka tambaye shi dalili ya ce, "To me za a koya a tatsuniya?" Bai karanta ba, kuma bai ga bukatar karantawa kafin ya yanke hukunci ba. Wannan shi ne raini, kuma a ƙasar Dawakin Kudu ya sami gindin zama ta wata hanya da ita kanta abin alfahari ce.

A 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. A lokacin Kano tana fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan gida, asibitoci da ma'aikatu sun dogara da baƙi. Aka riƙa tace yara da jarrabawa, ana ɗaukar na gaba-gaba. Shirin ya ci nasara, kuma duk Bakano mai adalci ya san haka. Sai dai nasarar ta bar wani abu a bakin jama'a wanda waɗanda suka kafa makarantun ba su nufa ba. Iyaye da 'yan zaman majalisa suka mai da ƙwaƙwalwa abu ɗaya tak: fiziks da kemistiri. Wanda ya iya su shi ne mai ƙoƙari. Wanda ya iya warware waƙar Sa'adu Zungur, ko ya gane inda marubuci ya ɓoye manufarsa, a ce masa Allah ya sa a dace.

Raini daban, ƙi daban. Mutum yana iya karanta littafi daga bango zuwa bango ya ce bai yi ba, ya kawo hujjojinsa. Wannan hukunci ne, ya kuma biya kuɗinsa da lokacinsa. Mai raini ba ya biyan komai. Riga yake duba, ko harshe, ko garin da mutum ya fito, ya kau da kai. Shi ya sa nake ganin raini ɗan'uwan lalaci ne na jini, ko da yake yakan zo da shigar wayewa. Malamai suna karantar da mu hadisin nan na cikin Sahihu Muslim da ya bayyana girman kai da abubuwa biyu, watsi da gaskiya da wulaƙanta mutane. A lura da yadda aka ɗaure su da igiya ɗaya. Wanda ka raina ba za ka saurare shi ba, in kuwa gaskiyar a bakinsa take, ta wuce ka ke nan.

Abin mamaki, littafin da ɗalibi ya fi rainawa a kan raini aka gina shi. Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina, bai fi shekara 22 ba, ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar rubutu ta 1933, aka buga shi a 1934. Me ya fitar da Alhaji Imam, tauraron littafin, daga gida? Ɗan sarkin garinsu ne ba shi da lafiya, Liman, mijin mahaifiyar Alhaji, ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka muzanta shi a fada. Duk yawon duniyar da ya biyo baya, na wanke wannan muzantawar ne. Sannan a kan hanya, duk lokacin da Alhaji ya ɗauka ya gama da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, sai Zurƙe ya rama a gari na gaba, har kowannensu ya san ɗan'uwansa ba kanwar lasa ba ne. Ba na wanke Imam tas. Yana son ya ba mu dariya da wawaye da ƙauyawa, mu kuma muna darawa. Amma yaron Tsakuwa ko Tamburawa da ya yi wa baƙauyen cikin littafi dariya da safe, in ya shiga Kantin Kwari da yamma wani ɗan birni ya kira shi baƙauye, zai koma ya sake karanta shafin da wata fuska. Ban san darasin da ya kai wannan shiga jiki ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar guda, ya fi zurfi. Da farko mai karatu yana ganin babban malami ne a Rauta, kusa da Bauci, almajirai sun kewaye shi. Sai da aka tambaye shi asalinsa ya buɗe baki, aka ji ashe yaro ne da aka sace, ya shiga hannun fatake, aka ƙetare Sahara da shi. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta, ba su haɗu ba sai tana gab da cikawa. Tsaya a kan matar nan. Da a ce a kasuwa ka gan ta, baiwa cikin tsumma a jerin bayi, da ba ka ƙara mata kallo ba. Littafin bai ba ka wannan damar ba. Ya sa ka san gidan da ta fito, da mijin da hassadar fadawa ta kora, da abin da ya hana ta barci. Kafin ka ankara ba ka iya kiranta baiwa kawai. Wannan shi ne aikin da adabi yake yi wanda babu wani darasi a jadawalin makaranta da yake yin sa: ya zaunar da kai tsawon awanni tare da mutumin da da a titi ne za ka wuce shi, ya hana ka yanke masa hukunci sai ka ji ƙarshen zancensa. Ɗalibin da ya saba da haka, a hankali yakan fara zargin kallonsa na farko. Mai gadin makaranta, da matar da ke sayar da awara a bakin ƙofa, da yaron da kullum yake na ƙarshe a aji, sai ya fara tunanin kowannensu yana da Rautarsa da Sahararsa.

Wani zai ce wannan duk zancen zuci ne, ina ruwan injiniya da shi. To a leƙa maƙwabta. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, ruwanta ya biyo kanal ya shayar da gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Aikin kimiyya ne na gaske, kuma shi ne ya mai da Kura garin shinkafa, ya sa manyan motoci suke layi a Kwanar Gafan suna lodin tumatir zuwa Kudu. Amma masu tsara shirin alkama suka fi sa wa ido, manoma kuwa suka karkata ga abin da suka ga yana biyan su, domin su ne suka san kasuwa da ƙwadago da abin da iyali za su ci. Can ƙasan kogi kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka dogara da ita ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Binciken da aka yi a shekarun 1990 ya nuna amfanin da waɗannan fadamu ke bayarwa ya fi yadda aka ƙiyasta nesa ba kusa ba. Ba na cewa da injiniyoyin sun karanta Shaihu Umar da hakan ba ta faru ba. Abin da nake cewa shi ne, lissafin ruwa bai yi kuskure ba, mutanen da ba a ga sun isa a tambaye su ba su ne suka faɗo daga cikin lissafin. Tambayar wa ba ya nan, kuma mene ne labarinsa, ba a ɗakin gwaje-gwaje ake koyon ta ba.

Haka abin yake har gobe a bakin kanal. Saurayi ya dawo da digiri, ya tsaya a kan kunya da takalminsa mai tsabta yana yi wa dattijo bayanin taki. Dattijon ya ce, "To, malam, mun gode," ya ci gaba da abin da yake yi. Shi ya san wane kwami ne ke riƙe ruwa, da yadda ruwan ke isowa wutsiyar kanal a makare in na sama sun sha sun ƙoshi. Ilimin saurayin gaskiya ne, na dattijon ma gaskiya ne, raini ne ya hana su haɗuwa, gonar ce kuma ke asara.

Marubutan Kano na zamani sun sha nasu rabon. Sa'ad da Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da abokansu na ƙungiyar Raina Kama suka cika kasuwa da littattafai, da yawa daga masu ilimin boko sun ɗauke su shirme, a 2007 har an ƙona wasu littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano. A cikinsu akwai marasa kyau, babu musu, amma nawa ne cikin masu tsinuwar suka karanta? Balaraba an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi da miji ya kora da 'ya'ya ta riƙe su da sayar da abinci, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Cikin waɗanda suka tsaya suka ce a karanta kafin a yanke hukunci akwai Farfesa Abdalla Uba Adamu, kuma shi mutumin kimiyya ne. Digirinsa na uku da ya yi a Jami'ar Sussex ta Ingila a 1988, a kan makarantun kimiyyar Kano ya yi shi, har da ta Dawakin Kudu. Bai ga cewa sanin bayoloji ya ɗaga shi sama da littafin da ake sayarwa a bakin kasuwa ba.

Kada 'yan ajin adabi su ce sun tsira. Akwai wanda ya karanta Achebe da Shakespeare ya dawo yana yatsina fuska in an ambaci Magana Jari Ce. Akwai wanda ya haddace Imam yana kallon marubutan yanar gizo a matsayin 'yan talla. Mafi yawa kuma, akwai wanda bai taɓa buɗe littafin da aka sa masa a WAEC ko NECO ba, taƙaitawa ya saya da tambayoyin shekarun baya, ya haddace jigo da salo da sunayen taurari, ya ci jarrabawa. Wannan shi ma raini ne, ya raina marubucin ya ga bai cancanci awanninsa ba. Irin wannan karatu ba ya sauya kowa.

Saboda haka, ƙannena ɗalibai, na kimiyya da na adabi, ku nemi littafin nan da kuka fi tabbata ba shi da abin da zai ba ku, ku karanta shi gaba ɗaya. In kun gama kuka ga bai yi ba, ku faɗa da babbar murya, kun sami hurumin faɗa. Iyaye da malamai kuma, a daina kiran rabin aji ragowa a gaban yara.