Gaiwa da Hukuncin Ja'izi

Duk wanda ya zauna a fadamar Haɗeja ya ga yadda gaiwa, idan ruwa ya janye, takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da majina, tana shaƙar iska da huhu har damina ta dawo, ba zai yi mamakin tambayar da wani Bature, Dougal Dixon, ya gina littafinsa a kanta a 1981 ba: wace irin dabba za ta gaji duniya bayan shekara miliyan 50?

Waɗansu malamai na ƙyamar irin wannan tunani, suna ganinsa kutse cikin gaibu, kuma tsoronsu yana da hujja. Amma ɗalibin da ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi ya san hukuncin hankali uku ne, wajibi da mustahili da ja'izi. Kuma wanda ya sawwara jikan gaiwa mai rarrafe tsakanin kududdufai, ko tsuntsun jan-baki mai ƙarfin bakin da zai tsaga ciyawar kachala, bai yi da'awar sanin gobe ba, yawo kawai yake a farfajiyar ja'izi, inda ƙudurar Ubangiji ba ta da iyaka.

Abin da ya fi damuna shi ne hannunmu a cikin makomar waɗannan halittu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliya ta ragu, kachala ta toshe magudanai, tsuntsayen Turai masu sauka a dausayin Baturiya suna tarar da wani wuri daban. Ɗan Adam, halifan da aka damƙa wa amanar ƙasa, shi ke zaɓen wanda zai saura, alhali bai taɓa zama ya yi tafakkuri a kan haka ba.