Rabon ruwan da ba a gani

A gidaje da dama na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, an samu sabon abin gardama wanda kakanni ba su sani ba: ɗan akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ake girkewa a falo ko a rataye a bango, mai rarraba intanet ba tare da waya ba, wanda kowa ke kira wifi. Mutum guda ke biyan kuɗin wata, ko kuwa maƙwabta biyu zuwa uku su haɗa, amma masu sha sukan kai goma. Da an sallame isha'i kowa ya ɗauki salularsa, sai abu ya yi nauyi: hoto ya tsaya cik, muryar ɗan'uwa mai kira daga Agadas ko Abijan ta riƙa yankewa. Nan da nan a shiga neman mai laifi, kuma ba a daɗewa ake samunsa, galibi saurayin gidan da ke kwana sauke fina-finai. Akwatin kuwa yana da ƙofa ta ciki. Wanda ya riƙe mabuɗinta yana ganin jerin na'urorin da ke sha, kuma a akwatuna da yawa yana iya nuna guda ya ƙayyade mata gudu, ya ce wannan kada ta wuce mega ɗaya a sakan. Aikin minti biyu ne. Abin tambaya shi ne ko ya halatta.

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a bambance abubuwa biyu da ake cakuɗawa saboda sunansu ya yi kama. Akwai gudu, akwai kuma adadi. Gudu shi ne yawan abin da ke iya ratsa hanya a sakan guda. Adadi shi ne jimillar abin da aka saya a wata, giga kaza. Bidiyo mai kyawun hoto yakan nemi wajen mega 5 a sakan, wanda in aka lissafa ya haura giga 2 a awa guda, alhali kiran murya ko kusa da mega ɗaya ba ya kaiwa. Adadi kamar rumbu yake: damin da aka cira yau ba ya nan gobe, kuma wanda ya ci da yawa a farkon wata ya ci rabon wasu ne na ƙarshensa. Shi kuwa gudu kamar gulbi yake lokacin damina. Ruwan da ya wuce ba a ɗiba ba ya wuce ke nan, ba a tara shi, ba a gadonsa. Saboda haka wanda ya cika hanya da ƙarfe uku na dare, kowa na barci, a gidan da ba a ƙayyade adadi ba, bai ci haƙƙin kowa ba. Wanda ya tauye shi a wannan lokaci ya hana abin da shi kansa ba zai amfana da shi ba, irin halin da Bahaushe ya fi ƙi a wurin manya, tun da an ce laifin babba rowa.

Shari'a ta daɗe da sanin irin wannan matsala, domin mutanen Madina manoman dabino ne masu dogaro da ruwan kwari. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke game da kwaruruwa biyu, Mahzur da Muzainib: na sama ya tare ruwa a gonarsa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake shi ga na ƙasa. Hikimar da ke cikin wannan hukunci ta cancanci a tsaya a kanta. Ba a ce na sama da na ƙasa daidai suke ba. An bar wa na sama fifikonsa. Amma an sa wa fifikon ma'auni, ma'aunin kuma a jikin ɗan Adam yake, kowa na iya shiga gonar ya duba da ƙafarsa, ba sai an kira masani ba. Kuma iyakar ta hau kan mai ƙarfi ne, wanda ruwa ya fara isowa gare shi. A littafin nan dai an zo da hani ga riƙe rarar ruwa domin a hana dabbobin wasu kiwo. Dokar karkara ta Nijar, wadda aka kafa ranar 2 ga Maris 1993, ta bi kusan wannan turba game da makiyaya: waɗanda ke zaune a yankinsu na asali suna da fifikon amfani, sai dai fifikon bai ba su ikon toshe wa baƙo hanyar rijiya ba.

Abin sha'awa, masu gina intanet sun isa ga wannan mafita ta wata hanya dabam. Saƙonni a intanet ƙunshi-ƙunshi suke tafiya, kuma a da duk layi guda suke bi a cikin na'ura, wanda ya riga zuwa ya riga wucewa, har mai aiko dubu ya danne mai aiko goma. A 1985 wani injiniya ɗan Amurka, John Nagle, ya ba da shawarar a buɗe wa kowane mai aikowa layinsa, na'ura ta riƙa zagayawa tana ɗaukar ƙunshi guda daga kowane layi. Manomin da ke noman rani a fadamun da hukumar ONAHA ta gyara, a Jiratawa ko a Ƙwanni, ba ya bukatar a yi masa bayani: bi da bi ne. Kyawun tsarin shi ne bai ambaci sunan kowa ba. In hanya ta cushe, mai zari ne kawai layinsa ke tsawo, mai ɗan kiran murya ya wuce sumul. In hanya ta zama fayau, mai zari ya kwashe duka, babu wanda ya yi asara. Dabarun da suka tsiro daga wannan tunani sun shiga cikin Linux, wanda akwatunan wifi da yawa ke aiki da shi, ko da yake ba kowane akwati ne ke ba mai shi damar kunna su ba.

Akwai kuma abin da ya kamata ya sanyaya gwiwar mai gaggawar hukunci. A 2003 wasu masu bincike a Grenoble ta Faransa suka nuna cewa a wifi na wancan zamani, in na'ura guda mai rauni tana magana da gudun mega 1, takan janyo masu gudun mega 11 su faɗo kusa da matsayinta. Dalili kuwa iska ɗaya ce ake rabawa, in guda na magana sauran jira suke, mai jan magana kuma ya fi kowa cin lokaci. An rage wannan aibi a sababbin na'urori, amma asalinsa bai gushe ba. Ma'ana, mai nauyaya gidan na iya zama tsohuwar salular mai gadi can a zaure, bayan bango uku, wanda bai sauke komai ba sai karatun wani malami. Yana iya zama kwamfutar maigida da kanta, tana ɗora hotuna a ɓoye ba da saninsa ba. Laifi tudu ne. Hukuncin da aka gina a kan zato, a al'amarin da ido ba ya gani, ya fi kusa da a huce haushi a kan wanda dama ake jin haushinsa.

To, mai biya fa? Hujjarsa tana da ƙarfi, kuma kuskure ne a raina ta. Guminsa ne. Wataƙila da wannan hanya yake aika takardun aikinsa, da ita ɗiyarsa ke shirin jarrabawar bakaloriya. Wanda aka ba lambar shiga kyauta ba ya da bakin cewa sai an daidaita shi da mai gida. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne fifikon na sama da aka ambata. Inda aka fi zamewa shi ne wajen ɓoyewa. Kusan duk mai neman taƙaita wa wani gudu yana neman ya yi ne ba tare da wancan ya gane ba, don gudun ɓacin rai. Sai yaro ya riƙa zagaya tsakar gida yana ɗaga salula sama, yana zagin kamfani da rezo, maigida na zaune yana taya shi: ai kwanan nan abin sai a hankali. Wannan ƙarya ce da ake sabuntawa kowane dare, kuma ranar da ta tonu, abin da zai karye ya fi fim ɗin da aka hana. A gidan gargajiya maigida yakan auna hatsin girki da tiya a gaban matan gida. Ɗakin da ya fi baki ya fi samu, ana iya gunaguni, amma kowa ya ga awon. Ƙari a kan haka, mabuɗin da ke rage gudu shi ne ke nuna wa ya shiga, ƙarfe nawa, ya sha nawa. Daga rabon ruwa zuwa leƙen asirin mutane, wanda Alƙur'ani ya hana a surar Hujurati, taki guda ne.

Garrett Hardin ya yi suna a 1968 da da'awar cewa kayan tarayya ƙarshensa lalacewa, sai an mallaka wa wani ko hukuma ta tsare shi. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a 2009, ta bi makiyaya, masunta da masu ban-ruwa na ƙasashe dabam-dabam, ta tarar da tarayyar da ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta rushe ba. Daga cikin abin da ta gano a tattare da su: waɗanda doka ta shafa suna da baki wajen tsara ta, kuma horo hawa-hawa ne, na farko ɗan kaɗan, kusan jan kunne. Akasin haka ake yi a falon gida, inda ake tsallake magana a fara da almakashi.

Ba duk masu sha ne matsayinsu ɗaya ba. Ɗan haya da ya zuba kasonsa daidai da na kowa abokin tarayya ne, kuma rage masa gudu ba da yardarsa ba cin dukiyarsa ne, ko da akwatin a ɗakin wani yake. Maƙwabcin da aka ba kyauta ana iya gaya masa cewa daga magariba zuwa ƙarfe goma za a rage masa, bayan nan hanya tasa ce. Mafi yawan mutane godiya za su yi. Shi kuwa uban da ke son ɗansa ya ajiye salula ya yi barci saboda lakkwal, damuwarsa tarbiyya ce, babu ruwanta da cushewar hanya, kuma yana da cikakken iko ya kira yaron ya ce masa daga ƙarfe goma an rufe.