Nasiha Ga Jama'ar Saminaka: Kafin Yaro Ya Riƙe Katin Zaɓe

Ya ku iyaye, malamai da matasan Saminaka da ƙasar Birnin Gwari baki ɗaya.

Yaron da aka raɗa wa suna a 2008, shi ne zai bi layi a zaɓen 2027. Ku dube shi da kyau. Ya taso ne a shekarun da hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro, gonakin bakin dajin Kamuku suka gagari noma, makarantun ƙauyuka da dama suka koma kufai. Wannan yaron ne doka ta ce ya isa zaɓar mai mulkarmu.

Tsarin mulkin 1979 ne ya sauko da shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18, na 1999 ya tabbatar da haka. Malamanmu na Malikiyya ma, idan alamun balaga ba su bayyana ba, a 18 suke yanke hukunci. A 2018 kuma aka rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25. Shekara bakwai kacal ke nan tsakanin mai dangwala yatsa da mai yi mana doka.

Shekaru na zuwa da kansu, hankali kuwa sai an dasa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya ku iyaye, kada ku saki ɗan shekara 12 ga ramin zinare, ya saba da kuɗi kafin ya iya karatu. Kada ku ƙara wa yaro shekaru don ya karɓi kati. Wanda aka koya wa ƙarya ranar rajista, da ita zai yi siyasa har tsufansa.

Ya ku 'yan siyasa, ku ji tsoron Allah. Kada ku miƙa wa ɗan wani ƙwaya da gora alhali naku na aji.

Ya ku matasa, wanda ya cika 18, namiji ko mace, ya yi rajista da INEC, ya karɓi katinsa. Ƙuri'a shaida ce, za a tambaye ku a kanta, don haka kada ku musanya ta da taliya da sabulu. Ku tambayi ɗan takara yadda zai buɗe makarantu, ya kuma raya zaman lafiyar da ya sa aka sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari a ƙarshen 2024.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.