Waya A Bayan Haƙora: Magani Ne Ko Sauya Halittar Allah?

Godiya ta tabbata ga Allah Mai kyautata halitta, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, likitocin haƙori suna da wata dabara ta miƙe karkatattun haƙora da siririyar waya, wadda ke jan su sannu a hankali, shekara ɗaya zuwa uku. A shekarun 1970 likitoci biyu, Kinya Fujita a Japan da Craven Kurz a Amurka, suka ƙago hanyar manna wayar ta bayan haƙora, wajen harshe, yadda mai kallo ba zai gan ta ba. To, shin wannan magani ne, ko kuwa sauya halitta ne irin wanda aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta jingina ga umurnin Shaiɗan?

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Mas'ud la'antar mata masu goge haƙoransu su yi wushirya don neman ado. Imam Nawawi ya yi bayanin cewa sharaɗin neman ado shi ne ya jawo haramcin, amma idan saboda magani ne ko wani aibi, babu laifi. Haka kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke masa hanci a yaƙin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi ɗoyi, sai Annabi (S.A.W.) ya umurce shi da sa na zinariya. Ashe ke nan mayar da gaɓa kan asalinta daban ne da ƙirƙira mata siffar da ba tata ba. Wanda haƙoransa suka hau juna har tauna ta yi masa wuya, ko asawaki ya kasa shiga tsakaninsu, magani yake nema.

Saura batun ɓoyewa. Algus shi ne a rufe aibi a bar shi yana nan, a yaudari mai saye ko mai neman aure. Ita kuwa wannan waya kawar da aibin take yi, abin da ta ɓoye kurum shi ne jinyar, kuma babu wanda aka wajabta wa tallan jinyarsa.

Sai dai akwai abin lura. Wayar tana zaune ne kusa da mafitar haruffan ta'un da dalun da sinun, saboda haka takan jirkita furuci a makonnin farko. Limami ko malamin Alƙur'ani ya kamata ya auna wannan, domin gyara karatu ya fi ɓoye waya muhimmanci. Kuma ta fi ta gaba tsada, wanda ya ci bashi don kunyar idon mutane kaɗai ya kusanci almubazzaranci.

Likita yana duba haƙora, amma niyya Allah kaɗai ke dubanta. Allah Ya sa a dace, amin.