A ƙi kwalbar, kada a ƙi hannun

Jama'a, bara da Kirsimeti wani abokin cinikina Birom ya aiko mini da kwandon kyauta: shinkafa, man gyaɗa, sai kwalbar jar giyar inabi ta Italiya. Ta gidan Antinori ce, dangin da suka gaji wannan sana'a tun 1385. Kuɗinta ya fi na sauran kayan gaba ɗaya.

Yarona ya ce, "Baba, mu sayar mana." Na ce a'a. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta giya. A Sahihu Muslim kuma, mutumin da ya kawo wa Annabi (SAW) kyautar salkar giya, ko sayar da ita an hana shi.

To, in yi fushi ke nan? Bawan Allahn nan karramawa ya nufa, ba raini ba. Mu da muka ga 2001 da 2008 a garin Jos mun san yadda ƙaramar magana take zama gobara.

Na taka har gidansa, na yi godiyar shinkafa, na mayar da kwalbar, na faɗi dalilina a tsanake. Addini ya hana ni giya, bai hana ni mutunta maƙwabci ba. Da babbar Sallah na aika masa cinyar rago.

Allah ya zaunar da mu lafiya.